Beppu, Garin Tururi Da Kwandunan Gora

Masu karatu, tafiyarmu ta wannan wata mai nisa ce. Za mu nufi gabas har ƙasar Japan, mu sauka a wani gari da ake kira Beppu. Abin da zai kai mu kuwa kwando ne. Wani zai ce, wane irin kwando ne zai sa mutum ya ƙetare teku, alhali ga kwanduna tuli a kasuwar ƙauyenmu? To, a yi haƙuri a biyo mu. Kwandon da muke magana a kansa ba a zuba masa dawa ko tumatir. Fure kaɗai ake sa masa. Duk da haka gwani yakan yi watanni yana saƙa guda ɗaya, akwai kuma waɗanda kuɗinsu ya kai na mota. Japanawa suna kiransa hanakago, wato kwandon fure.

Inda garin yake

Ƙasar Japan tsibirai ce. Manya daga cikinsu guda huɗu ne: Hokkaido, da Honshu, da Shikoku, da Kiyushu. Beppu yana bakin teku a gabashin Kiyushu, cikin jihar Oita, mutanensa sun fi 100,000. Idan muka shiga jirgin ruwa daga birnin Osaka da yamma, za mu kwana bisa ruwa, gari na wayewa mu iso.

Abin da ido zai fara gani yana da ban tsoro. Garin yana kwance a gangaren duwatsu, teku a gabansa, Dutsen Tsurumi mai tsawon mita 1,375 a bayansa. Daga tsakanin gidaje kuwa farin hayaƙi ne yake ta tashi ko'ina, sai ka ce gobara ta kama unguwa goma a lokaci ɗaya. Amma ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Garin yana zaune a ƙasar duwatsu masu aman wuta, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuma tafasasshe ne. Wuraren da ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa a Beppu sun fi 2,000. Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari ya san ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙasa, sai dai na Wikki ɗan ɗumi ne mai daɗi. A Beppu akwai tafkin da zafinsa ya kai digiri 98, saura kaɗan ya tafasa. Ruwansa shuɗi ne kamar an zuba baba. Akwai wani kuma ja wur kamar jini. Mutanen garin suna kiran irin waɗannan tafkuna jigoku, wato gidan wuta, kallo kawai ake zuwa yi.

A unguwar Kannawa ba sai mace ta hura wuta ba. Takan jera ƙwai da dankali da kifi cikin kwando, ta saukar da shi cikin ramin da tururi ke fitowa, ta rufe. Kafin wani lokaci abinci ya dahu. A wani gidan wanka mai suna Takegawara, wanda aka fara buɗewa a 1879, akan binne mutum cikin yashi mai zafi har wuya, domin maganin ciwon jiki.

Ruwan nan shi ne ya haifi sana'ar kwando a garin. A zamanin da Japanawa ke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, masu ciwon gaɓoɓi da manoman da aiki ya gajiyar sukan zo su yi kwana da kwanaki suna wanka. Kowa shi ke dafa abincinsa, saboda haka kowa yana bukatar kwandon wanke shinkafa da na ajiye ta. Mutanen gari suka riƙa saƙawa suna sayar musu. In baƙo zai koma gida, sai ya tafi da kwandon ya zama tsaraba. Da haka sunan Beppu ya bazu. A 1871 aka gina tashar jiragen ruwa, baƙi suka ƙaru. A 1902 aka buɗe makarantar koyon sana'a, aikin gora yana cikin abin da ake koyarwa. Daga nan masu saƙar garin suka fara wuce kayan madafa, suka shiga saƙar kayan ado.

Gorar Japan

Kafin mu shiga wurin masu saƙa, bari mu hau tudu mu ga gorar da kanta. Mun san gora a ƙasarmu, wadda muke yin sanda da jinka da ita. Tamu takan fito tuli guda, jikinta kauri gare shi, sau da yawa ramin cikinta ɗan kaɗan ne. Wadda masu saƙar Japan suka fi so sunanta madake. Ita ɗaiɗai take fitowa daga saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Takan kai mita 15 ko 20, cikinta rami ne, gaɓoɓinta dogaye, tana tsaguwa sak daga sama har ƙasa, tana kuma lanƙwasuwa ba ta karye ba. Ba jihar da ta kai Oita fitar da madake a Japan duka.

Gora dangin ciyawa ce, girmanta kuma abin mamaki ne. An taɓa auna tsiron madake aka ga ya ƙaru da fiye da mita ɗaya a kwana ɗaya. Cikin wata biyu ko uku ta gama tsawonta, ba za ta ƙara ko inci ɗaya ba. Abin da ya rage mata shi ne ta yi ƙwari. Masu sara sukan bar ta sai ta shekara uku ko huɗu. A lokacin sanyi suke sare ta, gama a sa'an nan ruwan jikinta ya ragu, ƙwari ba su cika cinta ba. Ko Tomas Edison na Amurka, sa'ad da yake neman zaren da zai daɗe yana ci cikin ƙwan lantarki a 1880, madake ta wajen Kiyoto ce ta biya masa bukata.

Yadda kwando ya shiga ɗakin baƙi

Ta yaya kwando ya tashi daga madafa ya hau wurin daraja? Labarin ya daɗe. A birnin Nara akwai wata tsohuwar taska mai suna Shosoin, inda har yanzu ake ajiye da kwandunan gora na ƙarni na 8. Cikinsu ake zuba furannin da ake watsawa a bukukuwan addinin Buda. Daga baya sarakuna da manyan mayaƙa suka riƙa sayen kwanduna daga ƙasar Sin, masu saƙa ƙanana ƙwarai, gefe da gefe daidai wa daida. A lokacin, abin da ya fito daga Sin shi ne abin alfahari.

Sai aka yi wani mutum mai suna Sen no Rikyu, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591. Shi ne babban malamin ka'idar shan shayi, gama a Japan shan shayi da baƙo yana da dokoki da ladabi waɗanda ake shekaru ana koyo. Rikyu ya koyar da cewa abu mara ado yana da kyansa. An ce wata rana ya ga masunci a kogin Katsura, kusa da Kiyoto, da kwandon kifi a ƙugunsa. Ya karɓi kwandon, ya sa masa fure, ya ajiye shi gaban manyan baƙi. A 1590 kuma, sa'ad da ya bi maigidansa Toyotomi Hideyoshi zuwa yaƙin Odawara, ya yanki gora da hannunsa ya yi mazubin fure. Ɗaya daga cikinsu yana nan har yau a gidan adana kayan tarihi na Tokiyo. Tun daga nan kwanduna suka rabu gida biyu: masu bin salon Sin, da masu bin salon ƙauye na Japan.

A gidan Bajapane na gargajiya, ɗakin baƙi yana da wani ɗan lungu a bango mai suna tokonoma. Ba a zama a ciki, ba a jibga kaya. Rubutu ko zane ɗaya ake ratayewa, a ajiye fure a ƙasansa. Shirya furen ma ilmi ne mai zaman kansa, sunansa ikebana. Ba a cusa furanni dami guda. Reshe ɗaya da fure biyu sun isa, in an san inda za a sa kowanne. Wurin masu shan shayi, kwando na watannin zafi ne, daga Mayu zuwa Oktoba, domin ganin iska tana ratsa idanunsa yakan sanyaya zuciyar baƙo. In kuna tambaya yadda kwando zai riƙe ruwa, ga amsa: akan sa gaɓar gora guda a ciki, a zuba mata ruwa, a tsoma furen. Ita ake kira otoshi.

Duk da wannan daraja, an daɗe ba a san sunan masu saƙar ba. Sai a ƙarni na 19 wani mutumin Osaka, Hayakawa Shokosai na Ɗaya, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1897, ya fara zana sunansa a gindin kwandunansa. Shi ake ɗauka na farko da ya yi haka. Abin kamar ƙarami ne, amma ma'anarsa babba ce. Ya nuna cewa mai saƙa ma yana da suna, kuma ya yarda a tuhume shi in aikinsa bai yi kyau ba.

A wurin masu saƙa

Yanzu bari mu cire takalma mu shiga ɗakin aiki. Mai saƙa yana zaune a ƙasa, ga wuƙaƙe a gefensa, ga kwanon ruwa. Za mu lura cewa yawancin lokacinsa ba a saƙa yake tafiya ba, a gyaran gora ne.

Da fari akan cire mata mai. Ko a dafa ta cikin ruwan soda irin ta sabulu, ko a gasa ta bisa wuta har man ya tsattsafo, a goge da tsumma. Sa'an nan a shanya ta a rana. Koriyar gora sai ta koma fara kamar hauren giwa. Daga nan mai saƙa ya ɗauki wata gajeriyar adda ya tsaga ta biyu, biyu ta koma huɗu, huɗu ta koma takwas, har ya sami faɗin da yake so. Kowane tsagi kuma sai ya raba bayansa da cikinsa, gama bayan ne mai ƙarfi da sheƙi. Yakan maimaita wannan har silin ya yi laushi. Domin faɗinsu ya zo ɗaya, akan kafa wuƙaƙe biyu a jikin gungume, a ja kowane sili ta tsakaninsu. A sāke jansa ƙarƙashin wata wuƙa domin kauri ya daidaita, a kuma kankare gefensa don kada ya yanki hannu. Silin da ya gama wannan tafiya sunansa higo. Na kwandon fure mai kyau, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kwando guda kuma yana iya cin ɗaruruwansu. Masu sana'ar sukan ce tsaga gora kaɗai shekara uku ake koyonta.

Dalilin wannan wahala a fili yake. In sili ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri, shi zai ja saƙar gefe guda, kwando ya karkace, kuma ba za a gane ba sai an yi nisa. Kuskuren ranar farko sai a wata na biyu yake bayyana.

Ana fara saƙa daga gindi, ana yayyafa ruwa don kada gorar ta bushe ta karye. In an zo wurin ta da bango, akan ɗan gasa silin da ƙarfe mai zafi ko harshen wuta, ya lanƙwasu ya tsaya. A Beppu ana lissafta saƙa iri takwas a matsayin tushe. Akwai yotsume mai ido kusurwa huɗu. Akwai mutsume mai ido kusurwa shida kamar saƙar zuma. Akwai ajiro, wadda ake tsallake biyu ko uku a rufe ido duka. Akwai gozame mai kama da tabarma, da kikuzoko, wadda sili ke fita daga tsakiyar gindi kamar hasken rana. Daga waɗannan takwas ake haɗa sauran. Baki da mariƙi kuwa da kwagiri ake ɗaure su, shi kuma daga ƙasashen zafi kamar Indunusiya ake sayo shi. A ƙarshe wasu kwandunan akan rina su, a shafa musu urushi, wato ƙaron wani itace mai sa sheƙi da hana ruɓa.

Akwai wata gora da ta fi kowace tsada, sunanta susudake. A tsofaffin gidajen manoma masu jinkar ciyawa ake samunta. Ta shekara 100 ko fiye a rufin ɗaki, hayaƙin murhu yana bugunta kullum, har ta koma ja mai duhu kamar zuma. Inda igiya ta ɗaure ta, hayaƙi bai taɓa ba, sai wurin ya bar zane mai haske. Duk wanda ya ɗaga kai a madafar kakarsa ya ga kunkunniya a jikin jinka ya san irin launin nan. Ba masana'antar da za ta iya yin susudake ta ainihi, gidajen da ake samunta kuma suna ta ƙarewa.

Shono Shounsai

A cikin garin akwai gidan nuna aikin gora na gargajiya, inda baƙo zai ga kayan madafa da na ado, har ma a koya masa 'yar saƙa. Sunan da za mu fi ji a can shi ne Shono Shounsai. A Beppu aka haife shi a 1904. Yaro ne mai yawan ciwo, abin da ya hana shi bin karatun zane da ya so. A 1923 ya shiga koyon saƙa wurin wani gwani mai suna Sato Chikuyusai. Bai tsaya ga kwaikwayon na gabansa ba. Ya lura cewa gora tana da ƙarfin komawa inda ta fito in an tanƙwara ta, sai ya bar wannan ƙarfi ya bayyana a aikinsa. A 1956 ya yi wani mazubin fure da ya kira Doto, wato haukan igiyar ruwa. Silin gora ne kawai ya jera ya naɗe, amma mai kallo sai ya ga kamar teku ce ta taso za ta faɗo.

Gwamnatin Japan tana da wata al'ada tun 1955. Takan zaɓi gwanin da ya fi kowa a wata sana'ar gargajiya ta ba shi matsayin da jama'a ke kira Dukiyar Ƙasa Mai Rai. Ana ba shi yen miliyan 2 kowace shekara, domin ya ci gaba da aiki, ya kuma koya wa na baya. A 1967 Shono ya zama mutum na farko da ya sami wannan matsayi a aikin gora. Ya rasu a 1974. A 1979 kuma gwamnati ta sa aikin gorar Beppu cikin jerin sana'o'in gargajiya na ƙasa.

Abin da ya kusa kashe sana'ar

Kada mu ɗauka kome ya tafi daidai. A shekarun 1960 masifa biyu suka haɗu. Ta farko daga gorar ta fito. Madake takan yi fure sau ɗaya cikin shekara wajen 120, in kuwa ta yi, sai ta mutu. A shekarun nan ta yi fure kusan ko'ina a Japan, kurmi bayan kurmi ya bushe. Ta biyu ita ce roba. Kwandon roba ya shigo da araha, ba ya ruɓewa, uwargida ta saya. Kafin gora ta farfaɗo, kasuwar kayan madafa ta riga ta tafi. Daga baya kuma kwanduna masu araha suka riƙa shigowa daga ƙasashen waje. Masu saƙa da yawa suka ajiye wuƙa. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka koma ga aikin da roba ba za ta iya ba, kwandon fure kuwa yana kan gaba.

Wani taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Wani attajirin Amurka, Lloyd Cotsen, ya shekara da shekaru yana tara kwandunan Japan, daga baya ya ba gidan kayan tarihin Asiya na San Faransisko ɗaruruwansu kyauta. A 2017 babban gidan kayan tarihi na Metropolitan a Niyu Yok ya yi nunin aikin gorar Japan. A ƙofar nunin Tanabe Chikuunsai na Huɗu, wanda gidansu ke saƙa tun zamanin kakan mahaifinsa, ya saƙa wani abu da ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Da baƙi suka yaba, masu gida ma suka sāke duban abin da ke hannunsu.

Amma matsala ba ta ƙare ba. Masu shiga kurmi su saro gora sun tsufa, matasa kuma sun koma birane. Kurmin da ba a sara yakan cushe, gorarsa ta lalace, ya kuma mamaye gonaki. Ga gora ta yi yawa a dutse, ga mai saƙa yana neman mai kyau. A garin Taketa, cikin jihar Oita, mutane sun nemi dabara. Kowace shekara sukan rage kurminsu, su yanka gorar gunduwa gunduwa, a watan Nuwamba su kunna kyandir cikin guda 20,000 a titunan gari har dare uku. Baƙi su zo kallo, kurmi kuma ya sha iska.

A Beppu har yanzu jihar Oita tana riƙe da makarantar koyon aikin gora, ita kaɗai ce irinta ta gwamnati a Japan duka. Ɗalibai 12 take ɗauka a shekara, su yi shekara biyu. Wasunsu manya ne da suka bar aikin ofis a birni suka zo suka zauna a ƙasa suna tsaga gora.

Abin da muka ɗauko

Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa. Robar da ta kori kwandon shinkafa a Beppu ita ce ta shigo kasuwanninmu ta ture faifai da adudu da lefen kaba. Japan ƙasa ce ta motoci da kwamfuta, amma ba ta ji kunyar mai saƙar kwando ba. Ta kira shi dukiyar ƙasa, ta gina masa makaranta, ta biya shi ya koya wa yara. Ta gane cewa sana'ar hannu ba a cikin littafi take zaune ba. In tsoho na ƙarshe ya tafi bai koya wa kowa ba, ta tafi ke nan.

Kusan kowane ƙauye namu yana da dattijo ko dattijuwa da ta iya saƙar da jikokinta ba su iya ba. Hutun makaranta yana zuwa. Iyaye, ku tura yaro ɗaya ya zauna kusa da ita da kabarsa a hannu. In kuma kun je sayen faifai, ku tambayi sunan wadda ta saƙa shi, ku biya ta kuɗin da ya dace da kwanakin da ta yi a kansa.